ZARTO MAI INJI: ABIN DA KE SA SHI MUTUWA, DA YADDA A KE DAIDAITA KAFIRETONSA

Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Maganar yau a kan zarto mai inji ta ke, watau injin nan mai sarƙa na yankan itace, wanda yanzu da wuya a sami gundumar da ba a jin kukansa a cikinta.

Watakila wani ya ce, ina ruwan Hakimi da cikin inji, ai wannan aikin makanike ne. Gaskiya ne, ba a nufin Hakimi ya tuɓe alkyabba ya riƙe sifana. Amma a tuna da abin da ke faruwa ko wace shekara a farkon damina. Hadari ya taso da dare da iska mai ƙarfi, kafin gari ya waye an sami darbejiya ta faɗi ta tare hanyar mota, wata kuma ta danne rufin makaranta. Motocin kasuwa sun tsaya, watakila a cikinsu akwai wadda ta ɗauko mace mai naƙuda. Aka aika aka ɗauko zarto. Mai zarto ya ja igiya, inji ya tashi, ya sa shi a jikin itace, sai ya mutu. Ya sake ja, ya sake mutuwa. A wannan lokaci jama'a ba makanike su ke kallo ba, ƙofar fada su ke kallo. Bayan haka kuma takardar neman kuɗin gyara ta hannun malam za ta bi. Malamin da bai san bambancin gyaran da tsumma da ruwan sabulu za su yi da gyaran da ke bukatar sabon fistin ba, lalle abin da aka karanta masa shi zai rubuta.

YADDA ABIN YA KE

Zarto mai inji ba daɗaɗɗen abu ba ne. A 1926 wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera wani mai aiki da lantarki, a 1929 kuma ya fitar da mai shan fetur. Waɗannan na farko sai mutum biyu ke iya riƙe su sabo da nauyi. Kafiretonsu irin na babur ne, mai ɗan kwano a ƙasa inda fetur ke taruwa, don haka in an karkata inji sai man ya zube ko ya yanke. Itace kuwa ba ya yankuwa sai da karkatawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sami dabara, aka yi kafireto marar kwano, wanda ke aiki da 'yar fata mai laushi, ko a tsaye ko a kwance ko a kife. Ya zuwa 1959 kamfanin Stihl na Jamus da na Husqvarna na Suwidin sun fitar da zarto wanda mutum ɗaya ke sarrafawa. Har yau irin wannan kafireto ne a cikin yawancin zartuna, kuma galibi sunan Walbro ko Zama ko Tillotson ne a rubuce a jikinsa.

Aikin kafireto guda ɗaya ne, ya gauraya fetur da iska gwargwadon bukata. Girmansa bai wuce kwalin ashana biyu ba. Akwai maƙogwaro a tsakiyarsa, matsattse a wuri guda. Sa'ad da fistin ya zuƙi iska ta cikinsa, sai iskar ta ƙara gudu a matsattsen wurin, ta jawo fetur daga wasu ƙofofi ƙanana waɗanda ba su kai kaurin allurar ɗinki ba. Fata biyu ce a ciki. Ta farko famfo ce: motsin fistin ke kaɗa ta, ita kuma ta jawo mai daga tanki. Ta biyu mai awo ce: in man da ke ɗakinta ya ragu sai ta lotsa, ta danna wani ɗan ƙarfe, shi kuma ya ɗaga allura, mai ya shigo, in ɗakin ya cika sai allura ta koma ta rufe. Duk wannan yana faruwa ne sau dubbai a minti ɗaya.

Abu guda ya kamata a riƙe da kyau, gama sauran magana duk a kansa ta ke tafiya. Injin zarto ba shi da kaskon baƙin mai irin na mota. Man da ke sa fistin santsi a cikin fetur a ke gauraya shi, kuma fetur ɗin shi ke taimakawa wajen sanyaya inji. Sabo da haka in iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, abin da a nan za a kira yunwa, ba ƙarfi kaɗai inji ke rasawa ba, santsi da sanyi ma ya rasa su. In kuwa mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan, watau ƙoshi, sai inji ya yi hayaƙi, ya yi nauyin jiki, fulogi ya yi baƙi. Ƙoshi ɓarnar fetur ce da ɓata lokaci. Yunwa kuwa kashe inji ta ke yi, wani lokaci kafin a gama yanka gungume ɗaya. Abin ban haushi, injin da ke cikin yunwa shi ya fi daɗin kuka a kunnen wanda bai sani ba.

KADA A FARA DA SUKURU

Babban kuskuren masu zarto shi ne, da inji ya mutu sai a zaro sukudireba a hau murɗa kafireto. Sukuru ba ya murɗa kansa. In jiya zarto ya yi aiki lafiya yau kuma ya ƙi, to, ba awon kafireto ne ya sake ba, wani abu ne dabam ya shiga tsakani. Wanda ya murɗa sukuru don ya rufe wannan ciwo ya zama yana da ciwo biyu.

A fara da mai. Yawancin zartunan zamani awonsu kashi 50 na fetur ne, kashi 1 na man gauraye, watau mililita 100 a cikin lita 5. Wasu tsofaffi, da kuma in man ba mai kyau ba ne, a kan ba su 25 da 1, watau mililita 200 a lita 5. Littafin da ya zo da zarto shi ke yanke hukunci. Man gauraye kuwa shi ne wanda aka rubuta 2T a jikin gorarsa, na inji mai sanyaya da iska. Baƙin man da aka juye daga mota ba ya shiga nan ko kusa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, tsada ta sa mutane da yawa suna neman sauƙi a bakin hanya, amma araha ba ta ado. Fetur na galan a kan same shi da ruwa, ko da kananzir, ko da ƙura. Ko na gidan mai ma ba a rasa hatsari: a farkon 2022 an shigo Nijeriya da fetur mai yawan sinadarin metanol, ya ɓata injuna da dama. Irin wannan sinadari yana cin fata da tiyo. Gwaji mai sauƙi shi ne a zuba man a farar kwalba a ajiye kaɗan; in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, a gan shi fili. Man da aka gauraya ya wuce kwana 30 kuma ya fara lalacewa, balle a zafin bazara. Ƙamshinsa kan juye ya yi kamar na tsohon fenti, ya bar danƙo a cikin ƙananan ƙofofin nan.

Sa'an nan matacin iska. A ƙasar da a ke yin hunturu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙurar hazo da garin katako su kan toshe shi cikin yini guda, inji ya rasa numfashi, ya shiga ƙoshi. A rufe cok tukuna kafin a cire mataci don kada datti ya faɗa maƙogwaro. In na raga ne a wanke da ruwan sabulu, a bari ya bushe sarai. In ya yage a sake wani, domin ƙurar da ta wuce ta nan kai tsaye jikin fistin za ta, ta goge shi kamar yashi.

A cikin tanki akwai wani mataci, ƙarami, a bakin tiyo, mai ɗan nauyi don ya riƙa bin mai duk inda aka karkata. A lanƙwasa waya a ƙugiyo shi waje. In ya yi baƙi ko ya yi tauri, ranarsa ta ƙare. A duba tiyon kuma: in ya tsage, ko ya yi laushi kamar danƙo, iska ce zai riƙa ja maimakon mai.

Fulogi kuwa shi ne mashaidi, gama launin bakinsa ya kan faɗi abin da ke faruwa a ciki. In ya yi launin ƙuli-ƙuli, lafiya lau. In ya yi baƙi kamar gindin tukunya, ƙoshi ne. In ya yi fari kamar toka, yunwa ce, kuma a tsai da aiki nan take. Tazarar bakinsa a yawancin zartuna rabin milimita ce.

Saura salansa. Wasu suna da 'yar raga a bakinta mai tare tartsatsi, kunkunniya kan toshe ta. A cire a kankare da burushin waya. Zarton da ya kwana a sito wata da watanni kuma a leƙa bakin salansarsa, don zanzaro ba ya ƙin gina ɗakinsa a can.

ALAMU DA MA'ANARSU

Mutuwar inji iri iri ce, kuma ko wace da abin da ta ke nunawa. Malamin da ya iya tambaya ya yi rabin gyara.

In zarto ya yi aiki na minti biyar ko goma sa'an nan ya fara shessheƙa ya mutu, a buɗe murfin tanki a saurara. In an ji iska ta shiga da ƙara, aka rufe kuma inji ya tashi kamar ba abin da ya same shi, to, 'yar kafar da tanki ke numfashi da ita ce ta toshe. Mai yana fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har famfo ya kasa ja. Wannan ba ruwan kafireto.

In kuwa sai ya yi zafi ya ke mutuwa, ya ƙi tashi sai ya huce, abu biyu a ke tuhuma. Ko dai fetur ne ke tafasa a cikin tiyo da kafireto, abin da ke faruwa a watan Maris da Afrilu sa'ad da zafi ke kai maki 40 aka kuma ajiye zarto cikin rana. Ko kuwa kwayil mai ba da wuta ne ke gazawa in ya ji zafi. A rarrabe su da fulogi: a cire shi da zafinsa, nesa da fetur, a jingina shi da ƙarfen inji, a ja igiya. In babu tartsatsi, ciwon na wuta ne. A kuma duba haƙarƙarin silinda, gama in garin katako ya cike tsakaninsu iska ba ta iya sanyaya shi.

Wanda ba ya tafiya sai an ja cok rabi, wannan yunwa ce bayyananna. Cok rage iska ya ke yi. In inji ya fi son haka, to, mai ne ba ya isa. Ko mataci ya toshe, ko 'yar ragar da ke cikin kafireto ta cika, ko fata ta bushe.

Wanda ke kuka lafiya a sarari amma da ya shiga itace sai ya durƙusa, a dubi sarƙa kafin a zargi inji. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi ta ke zubarwa manya manya. Dakusasshiya kuwa gari ta ke fitarwa kamar na tuwo. Kirya da marke ba su yi wa haƙori da sauƙi, haka kuma itacen da gara ta shafa wa ƙasa. Sarƙar da aka ɗaure ƙwarai, ko wadda manta ya ƙare, ko birki da aka manta a ɗaure, duk suna kashe inji.

In an yi ta jan igiya da cok a rufe har warin fetur ya tashi, fulogi ya jiƙe, inji ya sha ya wuce ƙima. A kashe makunni, a cire fulogi, a buɗe cok, a ja igiya sau goma don man ya fita, a shanya fulogi a mayar.

Akwai alama guda wadda ta fi duk waɗannan muni. Inji yana silo, sai gudunsa ya riƙa hawa da sauka da kansa. Ko in an saki totur ya daɗe bai sauko ba. Ko in an kwantar da shi a gefe ɗaya kukansa ya sake ko ya mutu. Wannan iska ce ke satar hanya, ko ta robar da ke haɗa kafireto da silinda, ko ta ɗan tiyon da ke kaɗa famfo, ko ta robobin nan biyu da ke rufe bakin sandar inji hagu da dama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Iskar da ta shiga ta nan ba ta bi ta kafireto ba, ba a auna mata mai ba, don haka babu murɗin da zai yi maganinta. Irin wannan zarto a ɗauke shi daga hannun mai aiki, a kai wa makanike mai famfon gwaji. Kuɗin roba kaɗan ne ƙwarai in an gwada da kuɗin fistin da silinda, waɗanda su ne za a saya in aka ce bari a ƙarasa aikin yau tukuna.

SUKURU UKU

To, in an bi duk waɗannan ba a sami laifi ba, yanzu ne a ke zuwa ga awo. A gefen zarto akwai 'yan ramuka uku. Ɗaya an rubuta masa L, shi ke auna man ƙaramin gudu da na lokacin da a ke fara danna totur. Ɗaya H, shi ke auna man babban gudu. Na uku a zarton Stihl LA ne, a na Husqvarna T. Shi ba ya taɓa mai, buɗe maƙogwaro kaɗai ya ke yi kaɗan don inji ya yi silo. A L da H, murɗawa dama, yadda hannun agogo ke tafiya, rage mai ne; murɗawa hagu ƙara mai ne. A haddace wannan.

Kafin a taɓa kome, a tabbata mataci wankakke ne, tanki ya wuce rabi da sabon mai, sarƙa tana kan ƙarfenta a ɗaure daidai. Ba a daidaita zarto ba sarƙa, domin zai yi gudun da ya fi ƙarfinsa. A yi aikin a fili, ba cikin zaure ko sito ba, gama hayaƙin inji yana da guba wadda ba ta da wari. A kori yara. A ajiye zarto a ƙasa mai tauri inda sarƙa ba ta taɓa kome.

In awon ya rikice sarai, a koma tushe. A murɗa L da H dama a hankali har a ji sun zauna, da yatsu biyu kawai, kada a matsa, don bakinsu tsini ne mai laushi, in ya murje kafireton ya tashi aiki. Daga nan a dawo da ko wanne hagu gwargwadon abin da littafi ya ce, wanda a tsofaffin zartuna da yawa zagaye ɗaya ne. Wannan ba awo ba ne, mafari ne kawai da zai sa inji ya tashi. A bar shi ya yi ɗumi kamar minti biyar, ko a yanka 'yan rassa, gama injin da ke da sanyi ƙarya ya ke yi wa kunne.

A fara da L. Inji yana silo, a murɗa dama kaɗan kaɗan. Za a ji gudu ya ƙaru, sa'an nan ya fara raguwa kamar zai mutu. A lura da wurin. A dawo hagu, gudu ya sake hawa, ya wuce, ya fara gurnani da nauyi. A lura da nan ma. Wurin da a ke nema yana tsakanin biyun, amma a ɗan karkata wajen hagu. Sai a gwada: a danna totur farat ɗaya. In inji ya amsa nan da nan, an dace. In ya yi jinkiri kamar an toshe masa baki, ko ya mutu, mai bai isa ba, a ƙara hagu. In ya amsa da nauyi da hayaƙi, ko kuwa in ya jima yana silo sai ya riƙa raguwa har ya mutu, mai ya yi yawa. Ko wane murɗi kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, kuma a dakata a saurara kafin a ƙara. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, a nan kuwa har da asarar kuɗi.

Sai LA ko T. A murɗa dama har sarƙa ta fara rarrafe, sa'an nan a dawo hagu har ta tsaya cik, a ƙara kaɗan a kan haka. Yawancin zartuna suna silo ne tsakanin juyi 2,500 da 3,000 a minti, kuloci kuma ba ya kama sarƙa sai an wuce nan. Ƙa'idar da ba ta da sassauci ita ce: in an saki totur sarƙa ta tsaya. Mai aiki yana taka rassa, yana sunkuyawa, yana juyawa da zarto a hannu, sarƙar da ke tafiya a lokacin ba ta san bambancin reshe da gwiwa ba. In an rage silo har inji na neman mutuwa amma sarƙa ba ta daina tafiya ba, sifirin na kuloci ne ya saki ko ya tsinke. Kada Hakimi ya yarda a yi aikin gayya da irin wannan zarto ko da na sa'a ɗaya.

H shi ne mai hatsari, kuma a kansa a ke ɓarna. A danna totur har ƙarshe, ba cikin itace ba, na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, a saurara. Injin da awonsa ya yi daidai ba ya yin kuka siriri. Akwai ɗan gargada a muryarsa, kamar mai gyaran murya, kamar yana tsallake bugu. Da ya shiga itace ya ji nauyi sai gargadar ta ɓace, muryar ta miƙe. Wannan shi ne a ke nema. In a sarari ma muryar ta miƙe ta yi tsini kamar ƙarar sauro, yunwa ce, a saki totur maza a murɗa H hagu. In kuwa har cikin itace yana gargada da hayaƙi, a rage kaɗan. Samari masu zarto suna son kukan nan mai tsini, suna cewa zarto ya yi wuta. Wutar gaske ce: fistin zai kumbura, ya goge jikin silinda ta wajen salansa, ya kafe. Wanda ke shakka tsakanin wuri biyu ya zaɓi na hagu. Matsakaitan zartunan zamani iyakar gudunsu tsakanin juyi 12,000 ne da 14,000 a minti, manyan nan na tsaga katako kuwa ba su kai haka ba. Makanike mai na'urar ƙirga juyi shi ya fi cancanta da wannan sukuru.

Har wa yau, awon wuri ba ya zama awon wani wuri. Jos tana bisa kamar mita 1,200, tsaunin Mambila ya wuce 1,500, Lakwaja kuwa ba ta kai 100 ba. A kan tudu iska ba ta da kauri, sai zarton da aka hau da shi ya yi ƙoshi, a ɗan rage masa mai. Hatsarin a wajen saukowa ya ke: zarton da aka daidaita a Jos aka kai shi kwarin Binuwai ba a ƙara masa mai ba, cikin yunwa zai yi aiki. Haka kuma sanyin asubar hunturu ya kan ƙara wa iska kauri fiye da tsakar ranar bazara.

Zartuna da yawa na yanzu an sa wa sukurunsu hular roba wadda ba ta barin a murɗa fiye da kima. Ba don mugunta aka sa ta ba, kada a fasa ta. Wasu kuma ba su da L da H sam, na'ura ce a ciki ke yin awo da kanta. Stihl na kiran tasa M-Tronic, Husqvarna kuwa AutoTune. Waɗannan a bar kaza cikin gashinta: a ba su mai mai kyau da mataci mai tsabta, in sun ƙi a kai wa dillali.

IN AN BUƊE KAFIRETO

In sukuru ba ya amsawa, an murɗa dama an murɗa hagu murya ba ta sake ba, ciwon yana ciki. A shimfiɗa farin ƙyalle a kan faranti, a jera kome yadda ya fito. Fatar da ke da lafiya laushi gare ta; in ta yi ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye, ba ta iya danna allura, sai sabuwa. A kan sayar da fata da fakin da allura a ƙunshi guda, amma a tafi da lambar da ke jikin kafireto, kuma a yi hattara da jabu. Wajen mayarwa a kan yi kuskure: a gefen famfo fata ce ke fara kwanciya a jikin kafireto, fakin ya biyo, a gefen awo fakin ne farko, fata a bisansa. Kada a zura waya ko allura cikin ƙananan ƙofofi, domin da sun ƙara faɗi awo ya tafi ke nan. Kada kuma a hura musu iskar mai faci, akwai wani ɗan marfi a ciki da ba ya jure ta. Akwai kuma sifirin ƙarami ƙarƙashin ƙarfen allura, in ya yi tsalle ya faɗa cikin rairayi ba mai ganinsa kuma.

Ba a fafe gora ranar tafiya. In aikin shekara ya ƙare, a juye man tanki, a tayar da inji a bar shi yana silo har ya mutu da kansa, don kada sauran mai ya kwana a kan fata. Kafin hadarin farko kuma a fito da shi a gwada.

A nan ya kamata a tuna cewa lafiyar zarto ba izni ba ce. Share hanya da kawar da itacen da ya faɗi daban, shiga gandun daji daban. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya abincin talakawa ne, abin da gatari ke kwana biyu yana sara kuwa zarto kafin a sha fura ya kayar. Madobiya ma tun 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa wa ido wajen ciniki, bayan ɓarnar da aka yi mata. Wanda ya zo da zarto gunduma, a tambaye shi takardar ma'aikatar daji kafin a tambaye shi lafiyar injinsa.

ABIN DA MALAM ZAI RUBUTA

Inda gunduma ko ƙungiyar gari ke da zarto nata, ya kamata a buɗe masa shafi. A rubuta sunansa da lambarsa, da awon gaurayen da littafinsa ya ce, da wurin da aka bar L da H ranar da aka daidaita shi, watau zagaye nawa daga zama. Ko wace fita a rubuta wanda ya ɗauka, da ranar da aka gauraya man da inda aka sayo shi, da tanki nawa aka ƙone. Mutum ɗaya kaɗai a ba iznin taɓa sukuru, a rubuta sunansa.

In za a aika da zarto gyara, kada takarda ta ce “ya lalace” kawai. A faɗi ko da sanyi ya ke mutuwa ko da zafi, ko a silo ko sa'ad da aka danna totur ko cikin itace, bayan minti nawa, ko buɗe murfin tanki na tashe shi, ko kukansa na sakewa in an kwantar da shi, da launin fulogi. In makanike ya ce fistin ya ƙone, a ce ya cire salansa, wadda ƙusa biyu zuwa huɗu ke riƙe da ita, a leƙa ta ramin. Fistin mai lafiya sumul ya ke, zobensa na motsi. Wanda ya ƙone za a ga zane zane a tsaye a jikinsa. In ya tabbata, a tambaye shi abin da ya jawo yunwar, a rubuta amsarsa, gama in ba a toshe ta ba sabon fistin ma hanyar tsohon zai bi. Kayan da aka cire kuma a dawo da su tare da zarto, malam ya gani da idonsa kafin Hakimi ya sa hannu a takardar biya.